Silinda Uku da Ƙafar Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Mama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya ƙara maka juriya a kan aiki, Ya kare ku daga abin ƙi. Mu nan ƙalau muke, sai kewarku. Mama tana nan da hawan jininta, amma yanzu tana shan magani a kan lokaci, tun da likita ya daina yi mata murmushi. Yara sun koma makaranta, ni kuma shago ya cika da ɗinkin kayan 'yan makaranta har ba wurin ajiye ƙafa. Abban yara yana gaishe ka, kodayake ban san amfanin isar da gaisuwar ba, tunda kullum kuna maƙale da juna a waya kuna gardamar mota.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ne saboda na san halinka, ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. To ga ta a taƙaice: an sayi motar Baba, amma ba wadda ka ce ba. Kada ka ajiye takardar. Karanta har ƙarshe, in ya so sai ka kira ka yi faɗanka, zan saurara.

Akwai abin da muka ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi. Ka san ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba bara, ka kuma san an samu sauƙi, yana tafiya da sanda. Abin da ba ka sani ba shi ne wata tara cur Baba bai taka ƙofar gida ba. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, a tsohuwar motarmu muka kawo shi, wadda ka san kujerarta kusan a ƙasa take. Ya nutse a ciki ya kasa tashi, sai da Abban yara da maƙwabta biyu suka ciccibo shi, mutanen layi suna tsaye suna ta sannu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana bakanike, yana sauke inji da hannunsa, shi ne aka ɗauko kamar buhu. Daga ranar ya yi ƙememe. Ko asibiti ya ƙi komawa, sai dai mai koya masa motsa jiki ta riƙa zuwa gida. Ita ce ta ja ni gefe ta ce ƙafar tana dawowa, amma in ya ci gaba da zaman taga daga shi sai rediyo, ƙafar za ta koma gidan jiya, zuciyar ma ta bi ta. Wallahi Auta na tsorata, domin Baban da ka sani mai tsiya da ba'a ya koma ba ya haɗa jimla uku a wuni.

Da ka kawo shawarar mu haɗu mu sayi mota ta hannu saboda shi, na ji daɗi ƙwarai. Sai kai da surukinka kuka mayar da abin na ku. Kun tsaya kai da fata sai babbar jif mai silinda shida, wai ita ce darajar Baba. Na karanta duk saƙonninka, har wanda ka ce sababbin motocin yanzu an ƙanƙance musu inji an liƙa musu turbo mai ƙara ƙarfi don a rufe kunya, wai keken ɗinkina ya fi su ƙarfi. Na gode da yabon keken. Abban yara har ya aro irin jif ɗin wurin abokinsa ya kawo ƙofar gida. Baba ya leƙo ta taga, ya saurari ƙugin injin, ya ce wannan ita ce mota. Amma da aka ce ya fito a zaga da shi, sai na ga idonsa ya sauka kan dokin ƙofarta, ya daɗe a wurin, sannan ya ce sai wani jiƙon. Ku kuna kallon abin da ke cikin bonet, shi kuwa yana lissafin mutum nawa za su tura shi sama.

Daga nan na koma ga sana'ata. Na ce wa Baba wandunansa sun yi masa yawa, zan ɗinka masa sababbi. Ina cikin awo na ce ya ɗora ƙafar mai ciwon a kan 'yar kujerar Mama don in auna tsayi, ya ɗora ba wahala. Na canja masa da akwatin zarena, wanda ya fi ta tudu, ƙafar ta ƙi hawa. Da ya shiga wanka na auna su duka biyun: kujera inci goma sha biyar, akwati goma sha takwas. Na kuma auna gadonsa, domin a nan ne yake zama ya tashi ba mai taimako, na samu inci ashirin da biyar. Na rubuta lambobin a bayan littafin awo, wandunan ma na ɗinka su, kada ka ce na yi wa tsoho ƙarya.

Asabar uku muna yawon wuraren sayar da motoci, tef ɗina rataye a wuya. Dillali zai taso yana washe baki, ya buɗe wa Abban yara bonet, sai ya waiga ya gan ni durƙushe ina auna ƙofa. Wani ya tambaye ni ko riga zan ɗinka wa motar. Surukinka kunya ta ishe shi, har ya riƙa yin gaba kamar ba tare muke ba. Manyan jif ɗinku duk sun haura inci goma sha takwas, ƙananan motoci kuma kujerunsu sun yi ƙasa. A Asabar ta uku muka samu wata 'yar madaidaiciya mai ruwan toka, jif ce amma ba ta kai ta kawo ba, shekararta biyar. Dokin ƙofa goma sha biyar, kujera ashirin da shida. Dillalin ya rantse wai wata malamar makaranta ce ta hau ta, daga gida sai aiki. Ban musa ba, amma duk motar da muka taya a makonnin nan uku ta malamar makaranta ce. Da Abban yara ya ji silinda uku ce, sai ya dafe kai ya ce da wane ido zai kalle ka.

Ban yi gaban kaina ba. Mun kai ta wurin Dogo, wanda ya gaji garejin Baba, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya shiga ƙarƙashinta, ya duba giya, ya lakato baƙin mai ya murza, ya ce ba ta taɓa yin haɗari ba kuma an kula da ita. Ya ce irin wannan injin ba ya yafe sakaci, in lokacin juyen baƙin mai ya yi a yi, kuma kada a zuba masa man da aka ga dama. Na roƙe shi kada ya faɗa wa Baba komai.

Saura babban aikin, wato fito da mai motar. Na san in na ce ya zo ya gwada shiga, an gama. Sai na sa dillalin ya kawo ta ƙofar gida da hantsi, na shiga na ce wa Baba ban yarda da dillali ba, kunnen Dogo ma ban gama yarda da shi ba, ina so ya saurara mini injin. Ya ce a tayar, daga taga ma zai ji. Aka tayar. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya haɗe rai, ya ce fulogi ɗaya ya mutu, injin yana ɗingishi, ana so a cuci 'yarsa da rana tsaka. Ya ce a miƙo masa sandarsa da doguwar sukundirebarsa. Mama ta kalle ni, na kalle ta. Haka ya ratsa tsakar gida yana faɗa, ya tsallake ƙofar da ya yi wata tara bai tsallake ba, bai ma lura ba.

Ya sa aka buɗe bonet, ya dafa bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne kamar yadda ka san yana yi. Ya ɗago ya ce maganarsa tana nan, silinda uku ne kawai ke aiki. Dillalin, cikin ladabi, ya ce ai Baba ukun ne duka. Baba ya sa yatsa ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, sannan ya tambaye shi ina suka kai ta huɗun. Aka ce masa haka kamfani ya ƙera ta. Na ce a raina shi ke nan, mun kunyata shi a gaban baƙo, zai koma ciki. Sai kawai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace, ya ce kunnensa bai yi ƙarya ba, masu ƙera motar ne suka yi rowa. Rabon da in ji dariyar nan tun kafin ciwon.

Daga nan gardama ta kaure. Baba ya ce wannan abin ba zai hau tudun tankin ruwa da mutum biyar ba, dillali ya ce zai hau har da kaya a but ɗin baya. Baba ya ce ƙarya ne, a buɗe masa ƙofa. Ya juya baya, ya zauna a kujerar kamar yadda yake zama a gadonsa, ya sa hannu ya ɗaga ƙafar mai ciwon ya shigar, ɗayar ta bi, ya ja ƙofa ya rufe. Ba wanda ya taɓa shi. Abban yara ya miƙa hannu zai taimaka, na take masa ƙafa, har yau yana mita. Mama ta juya wai wani abu ya faɗa mata a ido. Baba ya sauke gilashi ya ce me muke jira, a cika mutum biyar ɗin.

Ni na ja, Baba a gefena, Mama da Abban yara da dillali a baya. Tun kafin mu fita layi ya fara gyara mini tuƙi, wai har yanzu ina riƙe sitiyari kamar za a ƙwace. Muna tsayawa a danja injin ya ɗauke ɗif. Baba ya buga cinya ya ce ai ga irinta nan, ya waiga ya ce wa surukinsa ya naɗe hannun riga, turi ya kama shi. Ina ɗaga ƙafa daga burki sai ta tashi da kanta. Dillali ya yi bayani wai dabarar rage shan mai ce. Baba ya ce shi a garejinsa duk wanda ya yi barci a bakin aiki korarsa yake yi. Da muka iso tudun ya sa na kunna na'urar sanyi don a ƙara mata nauyi, ya kasa kunne. Ta haye ba ko tari. Can ya ce ba laifi. Kai ka san sau nawa Baba ya taɓa ce wa ɗayanmu ba laifi.

Ina shirin juyawa gida sai ya ce in miƙe, yana so Dogo ya ga abin da duniya ta koma. A ƙofar gareji ya fito da kansa, da sandarsa. Dogo ya yar da sifana ya taho da gudu, masu shagunan kusa suka taru, aka kawo benci. Awa biyu Baba yana ba da labarin yadda ya je neman silinda ta huɗu, kowane zagaye labarin yana ƙara tsawo. Dillali ya gaji ya hau haya ya tafi, washegari muka je muka ƙarasa cinikin.

Ban ce ka yi kuskure a kan inji ba. Baba da kansa ya ce wannan ba za ta yi shekara ashirin irin motocin da ba, Dogo ma bai musa ba. Mai yiwuwa ku ne da gaskiya. Amma ni ba shekara ashirin nake nema a wurin mota ba, Auta. Ban san shekara nawa Allah Ya rage mana tare da Baba ba, ina so ne ya yi su a cikin mutane, yana tsiyarsa. Ka yafe mini da na yanke hukunci ban jira ka ba, tsoro na ji kada ka rinjaye ni da baki.

Roƙona ɗaya ne. In ka kira shi, kada ka yi masa barka da fita, kada ka nuna ka san ya daɗe a ɗaki. Ka tambaye shi yaya injin, ka bar shi ya zage shi son ransa, kai ma ka taya shi, na san ba za ka sha wahalar hakan ba.

Ka gaishe mini da Maman 'yan biyu, ka ce na ga hotunan, Allah Ya raya mana su. Ka shafa kan 'yan biyun, ka gaida Kawu in kun haɗu, da maƙwabcinka mai kirkin nan da ya kai ku asibiti. Mama ta ce ka rage shan shayi mai sukari, Dogo kuma ya ce har yanzu kana da bulala ɗaya a wurinsa ta madubin da ka fasa kana yaro.

Zan tsaya a nan ba don magana ta ƙare ba. Yau ne Baba zai koma ganin likita a asibiti, karo na farko tun da aka sallame shi. Sai ƙarfe goma aka ce mu je, yanzu takwas da rabi, amma tun ɗazu ya yi wanka ya fita shi kaɗai. Yana zaune a cikin motar, yana ta danna mini hon.

Taka har kullum,
Yayarka mai ɗinki