Na Gina Wa Inna Ɗaki a Bayan Motar Soja, Ta Ƙi Hawa

Malama Zahra'u, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ruwa ya sauka, don ni kaina ya ƙulle. Ki sakaya sunana, ko da yake ban san amfanin hakan ba, tunda duk Gadarif mutum ɗaya ne yake da motar soja mai labule a taga.

Ni makanike ne. Tarakta da injin girbi nake gyarawa a manyan gonakin Gadambaliya, tun daga shuka har a kwashe dawa da riɗi. Rabin shekara a daji nake yin ta, ƙarƙashin tirela nake shimfiɗa tabarma. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba, amma yana cikin abin da nake faɗa wa mutane idan sun tambaye ni dalilin sayen motar.

Mahaifiyata, Inna, ta haura saba'in. Shekara huɗu ke nan da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, tun daga nan ba ta iya dogon zama, kuma yanar ido ta kusa rufe mata gani. Tana da ƙanwa guda, Hala Ummusalama (hala muke ce wa ƙanwar uwa a nan), a wani ƙauye gaba da Hawata, bakin kogin Rahad. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Rabonsu da juna tun kafin karayar. Kin san ƙasarmu: da zarar damina ta kama, baƙar laka takan riƙe mota har a manta da ita, da rani kuma hanyar takan girgiza mai lafiya ma, balle tsohuwa.

Wata rana na ga motar a wurin wani mai sayar da tsoffin ƙarafa, ya ce a gwanjo ya same ta. Taya shida, doguwa, koren fentinta ya koɗe, kujerun katako biyu a baya. Na tsaya ina kallon ta har mutumin ya kawo mini kujera. A raina na ce wannan ba lakar da za ta tsayar da ita. Zan yi ɗaki a bayanta, in kwantar da Inna a kan gadonta in kai ta wurin ƙanwarta, bayan nan ni ma in samu wurin sa haƙarƙari a gona.

Wata biyar da sayen ta yaƙin nan ya ɓarke. Mota irin wannan ta zama abin tsoro ga mai ita, sai muka tura ta bayan garejin abokina Awad, mai walda, muka lulluɓe ta da tamfol. Da ƙura ta ɗan lafa a wajenmu na yi ta zirga-zirga har na samo takardu da lambar farar hula, sannan muka fara aiki. Mun cire kujerun, mun ɗaga bango da rufi, mun cusa tabarmin kaba tsakanin kwano da katako saboda zafi. Na ɗaure angarib, gadonmu na igiya, da ƙusoshi a ƙasa don kada ya motsa. Na sauko da taga ƙasa-ƙasa yadda wanda ke kwance zai ga waje. Akwai gangar ruwa, akwai fanka mai aiki da sola, akwai lungun alwala. Matakalar kaɗai sau uku na sa Awad ya yanke ta ya sake, don ina auna ta da gwiwar Inna. Matata Munira ta ɗinka labule, tana yi tana cewa ta ga ranar da za a ɗaura mini aure da motar a huta. Daga ƙarshe na yi mata shuɗin fenti, ba sauran kore ko da faɗin tafin hannu.

A cikin shekarun nan uku Inna ta yi mini maganar tafiyar sau uku. Ta ce ko a bayan boksi ne, wato a-kori-kura, a kai ta, za ta daure. Na farko hanya ba lafiya, ba mai iya zuwa. Sauran biyun na ce ta ƙara haƙuri, ina shirya mata abin da ya fi boksi, saura kaɗan. Ban gaya mata ko mene ne ba, ina so ta gani da idonta.

Ranar Juma'ar da ta wuce waccan, bayan la'asar, na shigo da motar layinmu. Munira ce ta ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Inna na kwance a inuwa tana jan carbi, da ta ji ƙarar injin sai ta tsaya cak. Matar da sai an kama ta take tashi, ta miƙe da kanta, ta bi bango har ƙofar gida, ba takalmi, ba mayafi. Ni dai ina saukowa na ji tana kiran sunan Husain.

Husain yayana ne. Ina da shekara bakwai ya tafi yaƙin Kudu. Irin wannan motar ce ta tsaya a bakin layinmu don ya yi sallama, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba gawa, ba wasiƙa. Bayan shekara huɗu Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa aka yi masa salla aka yi sadaka. Inna ta ƙi zaman makoki. Daga nan sunansa ya ɓace a gidanmu, ba wanda ya hana, kowa dai ya daina.

Wallahi, Malama, ban haɗa wannan da wancan ba. Abin da ni nake tunawa da ranar daban ne. Husain ya ɗaga ni sama ya zaunar da ni kusa da direba, ya kama hannuna ya danna ham, yaran layi duka suna kallo. Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Ina jin ma tun daga nan na fara son inji.

Da Inna ta matso ta shafa fuskata ta gane ni ne, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta juya ta koma, wannan karon sai da Munira ta riƙe ta. Da ma faɗan ta yi, da na fi samun sauƙi. Yanzu tana gaisawa da ni lafiya lau, tana tambayar ko na ci abinci, amma in na tada motar don kada batir ya mutu sai ta ajiye duk abin da ke hannunta har in kashe. Na roƙe ta ta zo ta taɓa gadon kawai. Ta ce wanda ya hau irin wannan ta baya ba ya dawowa.

Shekaranjiya Nasir, ɗan Hala Ummusalama, ya kira ya ce jikinta ya yi nauyi, ta daina cin abinci sosai, sunan Inna take ta ambato. Ga hadari ya fara haɗuwa ta kudu. Munira ta ce in sayar da motar in huta. Awad ya ce mu tura ta da hannu, injin a kashe, mu haɗa bayanta da ƙofar gida, a ce wa Inna sabon ɗaki ne, tunda ba gani take sosai ba. Ya ce in ta buɗe ido ta ji muryar ƙanwarta za ta yafe. Kunya nake ji, amma zuciyata ta fara karkata can. Na gaji, Malama. Shekara uku ina ƙona hannuna da walda, yanzu ko kallon motar ba na son yi. In yi dabarar Awad, ko yaya zan yi?

Makanike, Gadarif

Wa alaikumus salam, Makanike. Allah ya ba Hala Ummusalama lafiya, ya saka maka da alheri a kan niyyarka.

Bari in fara da tambayarka: kada ka yi dabarar Awad. Injin da kuka kashe a ƙofar gida dole ku tada shi, kuma za ta ji shi a ƙarƙashin bayanta, tana kwance, ƙofa a rufe, har tsawon hanya. Matar da ƙararsa daga nesa ta tayar da ita tsaye ba takalmi, ban san abin da zuciyarta za ta yi ba idan ta gane tana ciki. Ko ta isa lafiya, za ta san cewa kun yi amfani da raunin idonta. Tsohuwa takan yafe, amma daga ranar duk hannun da ya kama ta sai ta yi shakkar inda zai kai ta.

Ban ga mugunta a abin da ka yi ba. Mutumin da ya sa aka yanke matakala sau uku saboda gwiwar uwarsa ɗa ne na kirki. Kuma kana da shekara bakwai, ba laifinka ba ne da ranar ta zauna maka da daɗi. Kai gaban motar ka shiga, ita bayanta ta tsaya tana kallo har ta sha kwana. Kowannenku abin da ya gani gaskiya ne.

Amma akwai abin da ka rubuta ka wuce da sauri. Sau uku ta ce a kai ta. Na farko yaƙi ne ya hana, sauran biyun kai ne. Ita boksi ta roƙa, ƙanwarta take son gani, kai kuma kana so ka zama wanda ya kai ta a cikin abin da ka ƙera. Ina kuma jin tsayuwar da ka yi gaban mai ƙarafa har ya kawo maka kujera, ba Inna kaɗai kake tunani ba. Wannan ba abin kunya ba ne, sai dai ita ce ta yi jiran.

Ga abin yi, kuma a makon nan. Yau ka mayar da motar garejin Awad, ka gaya wa Inna kafin ka tada injin, ka ce mata fitar da motar za ka yi. Ka nemi boksi ko ƙaramar bas da za a cire wa kujerar baya, a shimfiɗa katifa biyu da matasai a gefen ƙugun. Ka tambayi likitanta maganin ciwon da za ta sha kafin tafiya. Ka kira Nasir ka ji halin hanya, ku fita bayan asuba, Munira a kusa da ita, ku riƙa tsayawa tana hutawa. Za ta sha wuya, amma ita da bakinta ta ce za ta daure. Ku ɗauki kayanta da maganinta da yawa, don in ruwa ya rufe hanya ta yi damina a can, ba asara ba ce.

Sayar da motar kuwa, ka bar shi tukuna. Mai gajiya bai cika yanke shawara mai kyau ba. Ka tafi da ita Gadambaliya bana, ka kwana a gadon da ka ɗaure, takardunka kullum a aljihu. Bayan girbi ku zauna da Munira ku duba.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi wuya. In kun natsu, ka zauna kusa da Inna ka ba ta labarin ham ɗin nan, ka ambaci sunan yayanka. Mai yiwuwa tana zaton ita kaɗai ta rage tana riƙe da shi. Kada ka yi don ta hau motar, wataƙila har abada ba za ta hau ba, kuma haƙƙinta ne. In dai tana raye, kada ka sake shigo da wannan injin layinku ba ta sani ba. Inna ta riga ta fito ƙofa sau ɗaya, ya isa.

Allah ya riƙe ruwan har ku isa, ya sa ku tarar da Hala Ummusalama tana iya gane muryar yayarta. Allah ya jiƙan Husain, ya ba ka hutu.

Malama Zahra'u