Gammon Ganyen da Kika Mayar Gida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Gaisuwa da durƙuso irin wanda kika koya mani, gwiwa biyu a ƙasa. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, ko da kina duniya ma sai an karanta maki. Duk da haka bana na kasa yin shiru.

An gama yankan dawa a Yargoje, mutane sun sauka fadama. Shekaranjiya na bi ta wajen lambunki. Jikokin Yaya Sani ke nomansa yanzu, da injin ban ruwa mai ƙarar tsiya a gurbin jigonki.

A irin wannan lokaci kike ja fangali, ki dasa albasa da tumatir da yalo, ki kewaye da karan dawa saboda awaki. Fangali ɗaya na barkono kuwa ba mai taɓa shi. Masu saye su zo daga Kankara su yi ta magiya, ki ce wannan yana da mai shi. Sai ya nuna jawur kan uwarsa.

Ke Bamagujiya ce, haka kika koma ga Mahalicci. Yaya Sani ya musulunta, kika saƙa masa tabarmar salla da kaba. Ni na bi coci, kika ce to, nawa rabon fa? Sai kika ƙirƙiro shi. Duk Kirsimeti, daji ya bushe, ki yanko ɗanyen ganyen mangwaro da na gwaba a bakin lambu, ki naɗe su da kaba kamar ƙaton gammo, ki soke jan barkonon nan a jiki. Ki ɗauko a ka har ƙofar cocinmu ta laka, ki miƙa, ki juya. Ba ki taɓa shiga ba. Kikan ce, “Allahn ɗana ai ba ya sauka a gida ba kwalliya.”

Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa, na sami aiki a masaƙa a Kaduna. Aka yi mana ƙarin albashi, kaina ya kumbura. Na dawo Kirsimeti da wando mai faɗin ƙafa, da rediyo a kafaɗa, da kwali cike da takardun ƙyalƙyali da balan-balan na kanti. Har tumatirin gwangwani na kawo maki tsaraba, ke mai lambu guda! Kika juya gwangwanin, kika ce Allah ya yi albarka.

Ranar jajibere ina kan benci a cikin coci ina rataye kayana, matasa na ta yaba ni, sai na hango ki ta taga. Gammon na kanki, ya fi na kowace shekara girma. Kika tsaya kika dubi ƙofar, ƙyalƙyalina ya rufe ta, ba inda ya rage ko na tafin hannu. Na ga kin gan ni, Inna. Kunyar abokai ta hana ni saukowa. Kika juya da kayanki a ka, da yamma na tarar da awaki suna ci.

Da dare kika hura wuta. Kin yi mani tuwo, kin zuba man shanu fiye da kullum.

Wannan duk ba shi ne ke ci na ba. Da kaka ta zagayo na zo hutun kwana biyu, na same ki a fadama kina dashe, laka har gwiwa. Ba ki ɗago ba kika ce, “Bana ma na kantin za ka kawo? In haka ne in sayar da barkonon.” Na ce, “Sayar abinki, Inna, ki huta.” Wallahi a raina alheri na yi maki. Kika ce to.

Ba ki ga daminar gaba ba. Sai da na haifi nawa, suka girma, suka fara ce mani in zauna in huta, sannan na gane abin da kike tambaya a ranar. So kike in ce ina so. Kalma biyu, Inna, kuma ina tsaye a gabanki da bakina lafiya lau.

Na sha gwada naɗin nan. Ganye na da shi, barkono na da shi, amma ƙullin warwarewa yake, don ban taɓa zama kusa da ke na koya ba. Kuma duk ƙauyen ba wanda ya iya.

Yaya Sani na yi maki addu'a irin tasu, ni ma ina yi irin tamu. Allahn da ya halicce mu duka ya sanyaya makwancinki, ya karɓe ki da hannu biyu, kada ya bar ki tsaye a ƙofa kamar yadda na yi. Ki yafe mani, Inna. Ina so. Tun ranar ina so.

Ɗanki, wanda coci ke kira Bitrus, ke kuwa kike kira Nomau.