Direba a Ƙasa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta ɗauke min makullin mota. 'Yar da na haifa da cikina! Wai likita ya ce tunda an cire min yana a idon dama, sai ya warke an sake gwada ni kafin in koma kan sitiyari. Na ce mata tun ba a san za a haife ta ba nake jan bas, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ta ce, "Baba, kajin ne ke kaucewa." Ta jefa makullin a jaka ta ja zif. Uwarta na gefe tana ninke kaya tana danne dariya. Za su gani.

Laraba, 5 ga Maris

Gajere zai riƙe bas ɗin kafin nan, da ɗayan makullin. Da sauƙi, ni na koya masa tuƙi tun yana yaron motata. Gwajin ido ƙarshen wata. In na faɗi, lasin ya tafi ke nan. Ba zan faɗi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Zaman gida ba nawa ba ne. Na ce bari in taka zuwa tasha in ga mutane. Tsakaninmu da tasha babban titi ne kawai, ga kuma farin zanen ƙetarawa gaban kemis. Na tsaya a bakinsa. Na tsaya. Na tsaya har ƙafa ta yi sanyi, ba ɗan da ya rage gudu. Ƙarshe da gudu na ƙetare kamar wanda ya yi sata, takalmi ɗaya a hannu. Ni fa, da furfurata.

Lahadi, 9 ga Maris

Gwiwa ta kumbura. Ban faɗa wa kowa ba.

Talata, 11 ga Maris

Yau na gano abin da ke ci min rai. Ba ƙin tsayawar ba ne, ƙin kallon ne. Da sun doso zanen, wannan ya duba madubi, wancan ya hau murɗa rediyo, wani ya tuna yana da magana da na kusa da shi. Ai na san wannan aikin. Shi ne karatun farko da muke ba sabon direba: kada ka haɗa ido da na ƙasa. Kana kallonsa ya ɗauka ka ba shi hanya, ya jefo ƙafa, ka taka birki, na bayanka ya wuce ya kwashe fasinjan gaba. Dabara ce mai kyau, har gobe ina cewa mai kyau ce. Amma ba don irina aka yi ta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Auta ta ga ɗingishin. Wai in riƙa zagayawa ta wajen danja, ko in jira ta taso aiki ta riƙe min hannu. Ta riƙe min hannu! Na ce ba inda zan zagaya, zanen nan don wa aka shafa shi, don ado?

Na ɗauki lemar uwarta, na je na ɗaga ta sama na shiga titi gabana gaɗi. Wani mai ƙaramar mota ya ci birki, ya leƙo yana cewa, "Tsoho, ka gaji da duniya ne?" Na ce da kai na gaji. Na ƙetare a hankali, da gangan ma na ƙara rage sauri.

Litinin, 17 ga Maris

Na yi jama'a. In na iso, sai masu jira su taru a bayana. Akwai wata mai wankau da ke kai wa mutane kaya a kwando, kullum sai ta ce, "Baba mai lema, jira ni." Ba na jiran kowa. Na dai ɗan gyara igiyar takalmi har ta iso.

Alhamis, 20 ga Maris

Wannan kam sai na rubuta.

Na ɗaga lema na shiga, mai wankau a bayana. Layin farko ya tsaya. Muna kaiwa tsakiya sai ga bas a layi na biyu, ba alamar rage totur. Tun kafin in ga lamba na gane kukan injin. Tawa ce. Gajere na ciki, ya karkatar da kai yana kallon madubi, daidai yadda ake yi. Na yi ihu. Ya taka birki, taya ta yi ƙara, ƙarfen gaba ya tsaya yana taɓa rigata. Ni ban faɗi ba. Ita ce ta ja da baya a firgice ta zube, gwiwar hannu ta ɗaye, wankin mutane fari tas ya watse a kwalta, 'yan babur na bi ta kai.

Ba ta zagi kowa ba. Tana tsince kaya tana cewa, "Ai na ga kai ka shiga, Baba." Da ta zage ni da ya fi min.

Asabar, 22 ga Maris

Gajere ya zo gida ya durƙusa a ƙofar ɗaki. "Maigida, wallahi ban gan ka ba." Na ce ka duba ne balle ka gani? Ya ce, "Ai kai ka ce..." sai ya haɗiye sauran. Na kore shi. Rashin kunya kawai, yaran yanzu.

Na ƙi cin abincin rana. Uwar Auta ba ta tambaye ni dalili ba, ita ma da nata salon.

Laraba, 26 ga Maris

Mai wankau ba ta fito ba har yau. Na tambayi mai kemis, ya ce gida biyu sun karɓe aikinsu. Ina ruwana.

Litinin, 31 ga Maris

Na karanta haruffan likita har layin ƙananan, na ce ko akwai wasu a aljihunsa ya fito da su. Ya sa hannu. Auta ta miƙo makulli, ta riƙe shi tamau sai da na fizge. Ta ce, "Baba, don Allah." Na ce don Allah me? Ta rataya jakarta ta yi gaba.

Talata, 1 ga Afrilu

Na koma kujerata. Gajere ya ja ta gaba saboda gajerun ƙafafunsa, sai da na mayar. Mota cike, hanya a buɗe, raina fes.

Gaban kemis wani mutum na tsaye da buhu a kafaɗa, yana sa ƙafa yana janyewa. Ban san shi ba. Na tsaya. Na baya suka dame ni da hon, wata bas ta zagaye ni ta tafi kwasar fasinjan gaba, wani daga ciki yana ta "Direba, mun makara fa!" Mutumin ma bai yarda ba, sai da na yi masa hannu sau biyu. Bayansa wasu suka biyo, na jira har na ƙarshe.

Kwandasta ya ce, "Maigida, lafiya?" Na ce birki nake gwadawa, wata guda yana hannun Gajere.

Da dawowa ma na sake gwadawa a wurin. Birkin lafiyarsa ƙalau. Kada dai Auta ta ji.