San Baba Ya Koma Hatsi

Yaya Laminu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Ya iyali da yara?

Wani kanti a Zango ya yi wa ɗalibai rangwamen kwamfutar hannu, katin jami'a kawai ake nunawa. Baba ya ce zai saya mini, ya ja sansa zuwa kasuwar Mirriya. To fari ya ramar da shi, abin da aka taya ko kusa bai kai kuɗin kwamfutar ba. Ga rumbu wayam. Sai ya sallama, ya auno hatsi.

Me zan ce, Yaya? Da aka kawo tuwon, Baba bai dube ni ba.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya ba mu ruwa. A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Mariyama