Zobban Rodin da na Rage a Benen Yayata

Hajiya Bilkisu, don Allah ki taimake ni kafin Asabar.

Ni mai sayar da kayan gini ne a Dutse, nakan kuma taɓa kwangila idan ta faɗo. Yayata, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta damƙa mini ginin benenta a Yalwawa. Injiniya Afra'u da ta zana shi ta ce a matsa zobban rodi kusa da juna a kowane ginshiƙi, wai ko da ƙasa ta girgiza. Na ce to, ranki ya daɗe, ina dariya a ciki. Girgizar ƙasa a Jigawa? Sai na yi abin da 'yan sana'armu suka saba, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ginshiƙai biyu na bakin ƙofa, inda mai duba gini ke tsayawa, na yi su yadda aka zana. Sauran na wawware zobban, aka zuba kankare tun kafin ya iso. Ya sa hannu, har da yabo.

To ga masu fasa dutse sun matso kusa da benen. Suna tayar da nakiya, tagogi su kama rawa. Shekaranjiya na ga tsaga a ginshiƙin baya, makullin mashin ɗina ya shige ciki. Na shafe da siminti, yau ta sake buɗewa. Asabar Yaya za ta tare a gidan, ita da jikokinta huɗu. In na faɗa, na zama maci amana a dangi, kasuwa kuma ta ɗauki labarin. Babu yadda za a gyara a ɓoye?

Mai Rodi, Dutse

Mai Rodi, maganar ɓoye ta ƙare. Gaskiyarka, ba a saba jin girgizar ƙasa a nan ba, kuma kunyar dangi akwai nauyi. Amma Abuja ma ta taɓa motsawa, kuma ginshiƙi bai san bambancin nakiya da girgiza ba. Zobban nan su ke riƙe shi idan gini ya kaɗu.

Yau ɗin nan ka kai Injiniya Afra'u wurin, ka nuna mata ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa akan yi musu riga ta rodi da kankare, amma ita za ta yanke hukunci, a kuma sake kiran mai duba gini. Daga can ka wuce gidan Yaya, ta ji daga bakinka, a ɗage tarewa. Za ta yi fushi, wataƙila ta daɗe ba ta amsa gaisuwarka ba. Wannan abu ne da mutum ke iya ɗauka. Gawar jikanta ce ba za ka iya ɗauka ba.

Allah Ya ba ka ƙarfin hali, Ya sanyaya zuciyarta.