Ƙofar Kabad ɗin Baba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau muke. Inna ta samu sauƙin gwiwar, har ta koma faɗa da kowa, ka kuwa san idan ta fara faɗa to lafiya ta samu. Yara suna makaranta, maigidana kuma yana gaishe ka.

Yaya, maganar jirgin saman da marigayi Baba ya bari ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba, ni ma kuka zai hana ni. Ka ce in tsaya a kan farashin da dillali ya yanka, kada in rage ko ƙwandala, tunda da kuɗin za mu saya wa Inna gida ta huta da haya. Na yarda, na kuma tsaya. Dillalin ya yi mini bayani dalla-dalla: ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin wannan, ba fenti ko kujeru ne ke sa masa kuɗi ba, awoyin da injin ya yi a sama ne. Idan inji ya cika awa dubu biyu dole a sauke shi a buɗe, kuma aikin yana cin kuɗi kamar me. Littafin da ake rubuta awoyin jirgin ya nuna dubu ɗaya da ɗari huɗu, shi ya sa farashin ya yi kyau haka.

Ranar Talata na je rumfar jirgin in kwashe tarkacen Baba. Ka tuna kabad ɗin katakon nan da yake ajiye tsumma da gwangwanin mai? Ina buɗe shi na ga bayan ƙofar cike da rubutun fensir tun daga sama har ƙasa, rubutun Baba mai kama da tafiyar tururuwa. Kowane layi da kwanan wata da lamba. Na ɗauka lissafin mai ne, sai na kira bakanikensa, wanda muke ce wa Kawu Sufana. Tsohon nan ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa, sannan ya nemi wuri ya zauna a kan tayar jirgin.

Ya ce shekarun baya mitar da ke ƙirga awoyi ta riƙa tsayawa tana tashi, Baba kuma bai yarda da ita ba, sai ya koma rubuta kowane tashi a ƙofar da niyyar ya mayar cikin littafi. Ciwo ya zo ya kwantar da shi kafin ya yi hakan, wanda ya cike littafin kuwa daga mitar ya kwafa. Muka tara layukan sau uku, ni da waya, shi da fensir. Awa ɗari shida da arba'in ne babu su a littafi. Yaya, injin nan ya riga ya wuce lokacin buɗewa.

Na kira dillali. Ya zo da jakarsa da turarensa, ya leƙa ƙofar, ya yi dariya. Wai littafi shi ne shaida, ba wanda ke sayen kabad, gwangwanin fenti ɗaya ya isa a kashe maganar. Ya ce in na buɗe baki, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi, kuma kai da kanka ba za ka yafe mini ba. Ya san inda zai taɓa ni, don wallahi ina tsoron fushinka. Har ya aiko da fentin, na karɓa, ba zan ɓoye maka ba.

Washegari mai sayen ya zo. Malamin koyar da tuƙin jirgi ne, mutum mai sanyin magana, ya ce shekara tara yana tari don ya samu nasa. Ya zo da 'yarsa, ba ta wuce shida ba, haƙoranta biyu na gaba sun fita. Ya ɗaga ta ya ɗora a kujerar dama, wadda nake zama in Baba zai zaga da mu, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa. Ya ce mata ranar Asabar za a yi tashin gwaji, kuma da ita za a tashi. Ni kuwa ina tsaye na jingina da kabad ɗin, na danne ƙofar da bayana kamar ɓarauniya. Tun ranar abinci ba ya shiga bakina. In jirgi ya wuce ta saman gida sai in tsaya cak ina sauraro, ina jiran in ji injin ya ɗauke.

Na tambayi Kawu Sufana ko injin zai mutu ne a sama. Ya ce shi bai san gaibu ba, zai iya yin wata awa ɗari biyar lafiya, zai iya tsayawa gobe. Na ce to mene ne farashin gaskiya. Ya ce in cire kuɗin buɗe inji daga abin da dillali ya yanka, abin da ya rage shi ne namu, sauran na mai sayen ne tun kafin ya biya.

Haka na yi, Yaya, ban jira izininka ba, don Asabar ba za ta jira ni ba. Na kira malamin na buɗe masa ƙofar. Ya daɗe yana karantawa, ya juya ya kalli 'yarsa tana wasa a ƙarƙashin fiffike, sannan ya ce a fasa gwajin sai an buɗe injin. Yana son jirgin har yanzu, a sabon farashin. Dillali ya daina ɗaukar wayata. Gidan da muka nuna wa Inna ya fi ƙarfinmu yanzu, kuma ban gaya mata ba tukuna.

Sa hannunka ne ya rage, tunda rabonka ya fi nawa. In ka ƙi, cinikin ya rushe, amma ni dai ba zan iya shafa fentin nan ba. Na sa Kawu Sufana ya kwance ƙofar daga jikin kabad ɗin, tana cikin jirgin a kan kujerar baya an ɗaure ta da bel. Duk wanda zai sayi jirgin Baba, da ita zai saya.

Ka gaishe mini da Anti, da tagwaye, da 'yar autarku mai sunan Inna. Allah ya huci zuciyarka a kaina, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Auta