Ki Aiko Mini Taba Mai Ƙarfi

Pribram, Oktoba 1974

Yaya Nevena,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Mama? Kun gama shanya taba?

Ni lafiya lau, sai ɗan tarin safe, irin na kowa a ramin haƙar ma'adinin yuraniyam. Kada Mama ta ji.

Kin tuna Vondra, shugaban raminmu, mai kashe injin iska da zarar masu bincike sun juya baya? Shi ya rantse wa likita cewa sigari ne ya cinye huhun marigayi ƙanenmu Yasen, ba iskar ramin ba. Yasen da ko warin hayaƙi ba ya so!

To, yanzu Vondra jini yake tofarwa. Likita ya ce sigari a kan iskar rami ciwon daji ne, ya hana shi sha. Jiya ya tare ni ya ce: "Zdravko, taimaka mini da kara ɗaya."

Na ce, "Haba maigida, ɗaya kawai? Riƙe kwalin."

Ki aiko mini tabar gonarmu, mafi ƙarfi. Ni zan naɗa masa, ni zan kunna masa. Ranar da ya mutu, a rubuta sigari ne. Wannan karon ba ƙarya.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenki,
Zdravko